Babur a Kan Amalanke

Ranar da na sayi sabon babur a Kura, Bulus makanike ya ce, "Maigida, haɗa da famfo da kayan faci." Na dube shi sheƙeƙe. Ina sabon babur ina faci? Na je na sayo kafet da hon mai kiɗa.

Kwana uku, na ɗauko tumatirina zan kai Kadawa, ƙusa ta huda tayar a bakin kanal. Ina zaune ina latsa hon, motar 'yan Legas ta tafi, tumatirin ya narke a rana. A kan amalanken shanu aka ratsa gari da ni da babur ɗin.

Har yau in na wuce, sai Bulus ya ce, "Maigida, yau ba a ɗaura shanun ba?"