Yadda Za Ka Sama wa Lakwal ɗin Kurame Masauki Kafin Wata Ya Mutu

Idan ƙungiyarka irin ta ƙetare ce, hedikwatarta tana can inda ake sa riga uku saboda sanyi, a nan Damagaram kuma ba ta da takardun kanta sai dai ta raɓu da wata ƙungiya ta gida, to ka sani wata rana mai masaukin zai sallame ka. Ranar kada ka tsaya kuka. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin wata ya mutu za ka sami ɗaki, da tampo, wato hatimi, da mai sa hannu.

Ba daga kaina na ƙago su ba. A kan Malama Kellu na gan su, wadda ke riƙe da reshen Zinder na wata ƙungiyar ilimi ta ƙasa da ƙasa, mai koya wa yara kurame karatu da maganar hannu. Sunan ƙungiyar dogo ne, ni ban taɓa kai ƙarshensa ba. Mutanen gari lakwal ɗin Kellu suke cewa, wato makarantar Kellu.

1. Ka zama na ƙarshen ji

Shekara shida lakwal ɗin yana ƙarƙashin ƙungiyar tsofaffin malamai a unguwar Birni. Ɗaki biyu, tablon rubutu ɗaya, yara talatin da huɗu. Sai tsofaffin suka yi zaɓe, ƙungiya ta rabe biyu, kowane ɓangare ya je ya sassaƙo tamponsa. Ran Litinin Kellu ta zo da safe ta tarar da kwaɗo biyu a ƙofa.

Abokiyar aikinta Barira tana tsaye gefe, ko mamaki babu a fuskarta. Barira kurma ce tun haihuwa, uwar 'ya'ya uku, ita ce ke koya wa ƙananan aji. Tsofaffin sun saba ƙulla makircinsu a gabanta don suna ganin ba ta ji, ita kuwa leɓe take karantawa.

Kellu ta tambaye ta da hannu, "Kin sani?"

"Tun sati biyu."

"Me ya hana ki gaya mini?"

Barira ta ɗaga kafaɗa. "Na ɗauka ke ce mai kunne."

Rashin sani yana da amfani ga shugaba: yana hana hawan jini har zuwa ranar da abin zai faru.

2. Ka gaya wa hedikwata komai lafiya

Da ƙyar aka haɗa ɓangarorin biyu rana ɗaya, kowa ya buɗe kwaɗonsa, Kellu ta kwashe littattafai ta jibge a zaurenta. Aji ya koma gindin dogon yaron ƙofar gidanta, ga damina tana matsowa.

Sannan Mushe Rashid ya kira. Shi ne wakilin hedikwata na yankin nan, a Dakar yake zaune.

Ya ce, "Malama Kellu, ƙa'ida ce, ba ni na kafa ta ba. Dole a sami ƙungiya mai rajista da za ta karɓe ku, da ɗaki, da tampo. In wata ya ƙare ba a samu ba, za a rufe reshen Zinder, a kai kayan wata ƙasa."

Kellu ta dubi yaran da ke rubutu a kan gwiwa, iska tana ɗaga musu shafukan kaye. Ta ce, "Mushe, kada ka damu. Har uku ke rububinmu."

Ko ɗaya babu. Amma ka lura da uku ɗin. In ka ce ɗaya za a tambaye ka suna, in ka ce goma za a gane ka.

3. Ka fara da mai hali

Alhaji Abdulaziz babban ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, yana da gidauniya mai rajista wadda ba ta aiki sai da azumi. Kellu ta sa lafayarta ta zuwa biki, ta hau kabu-kabu, ta same shi a shago tsakanin buhunan shinkafa. Ba ta gama bayani ba ya ce ya karɓa.

"Amma, Malama, da ɗan sharaɗi. Sunana a ƙofa."

"Ba laifi, ranka ya daɗe."

"Da bayan rigunan yaran."

"To... a duba."

"Kuma in na dawo daga Umra su tarbe ni da waƙa. Akwai wadda aka tsara mini."

Kellu ta gyara zama. "Alhaji, ai na ce maka kurame ne."

"To su yi ta a hankali."

Ta sake bayani daga farko. Alhaji ya saurara, ya shafa gemu, sannan ya tambaya shekara nawa ake yi kafin su warke. Da ta ce ba asibiti ba ne, sai ya ce zai yi shawara, ya sa aka ba ta alkaki a leda. Idan mai hali ya ba ka alkaki, maganar ta mutu. Ka ci abinka a hanya.

4. Ka gwada manya, ka ga abin da za ka iya sayarwa

Daga nan sai wata babbar ƙungiya mai bene da motoci farare. Shugabarta Madam Munira ce, biron da take zama, wato ofishinta, kuwa sanyinsa har ƙashi. Sau uku aka yi zama, aka nemi dosiyen takardu kwafi biyar. A zama na uku Kellu ta zo da Barira.

Madam Munira ta ce, "Mun yarda mu karɓe ku. Sai dai mu bana aikinmu ruwa da tsabta ne. Za mu sa yaranku cikin masu koyon wanke hannu. Ai duk harkar hannu ce."

Kellu ta haɗiye wannan.

"Sai kuma ita wannan baiwar Allah." Madam ta nuna Barira da bik ɗin da take rubutu da shi, ba ta dube ta ba. "Ba ta da diflom, ba za ta shiga jerin malamai ba. Amma muna neman mai shara."

A nan ya kamata a ce Kellu ta miƙe nan take. Ba ta miƙe ba. Ta tuna yara talatin da huɗu, ta tuna hadarin da ya haɗu jiya da yamma, ta tuna saura kwana goma sha ɗaya. Ta yi shiru kamar na numfashi uku, tana auna abin. Barira ta karanta leɓen Madam, sannan ta juyo ta karanta shirun Kellu. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Kellu ta bi ta har titi, ba ta ma yi sallama da Madam ba. Ta sha gabanta tana ta magana da hannu. Barira ta rufe ido. In kurma ya rufe maka ido, ya gama da kai, ba sauran ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Kwana huɗu suna koyarwa gindin itace ɗaya ba wadda ta dubi wata. A na biyar Kellu ta je gidan Barira a Garin Malam, ta zauna a tabarma, ta ce, "Na yi tunanin karɓa. Ba zan ɓoye miki ba. Na ji kunya."

Barira ta kalle ta. Sannan ta ce, "Da kin ce ba ki yi tunanin ba, da na kore ki." Ta tura mata kwanon fura.

5. Ka karaya, amma da tsari

Saura kwana shida. Kellu ta yanke shawara a sayi akwatunan ƙarfe a zuba littattafan, in ma za a tafi da su, su tafi da mutunci. Suka nufi layin maƙera, inda ake fasa tsofaffin tano, wato gangunan ƙarfe, ana ƙera akwati da murhu da kwanon awo.

Kai da ba ka taɓa shiga ba, ka ɗauka guduma arba'in ne, kowace da fushinta. Kellu tana shiga ta ji haƙoranta suna rawa. Aka nuna musu Baba Gambo, shugaban ƙungiyar maƙeran, tsoho mai kafaɗu kamar ƙofar gari.

Ta ɗaga murya, "Baba, akwati shida muke so!"

Ya yi murmushi ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Ya gida?"

"Akwati! Shida!"

"Madalla, madalla."

Barira ta taɓa ta, ta ce, "Matsa. Wannan namu ne." Ta lura tsohon leɓe yake kallo, ta kuma lura maƙeran nan duk da hannu suke kiran juna, da 'yan alamunsu na kansu. Ta zana akwati a iska, ta ɗaga yatsu shida. Fuskar Baba Gambo ta washe. Cikin minti biyu suka gama ciniki, Kellu tana tsaye kamar baƙuwa.

Da ya kai su baya su zaɓa, sai ga wani dogon ɗaki mai rufin kwano, da tagogi huɗu, da tablo a bango, ba komai ciki sai akwatuna. Ƙofarsa ta biyu tana buɗewa ga wani lungu daban. Wani porje na masu tallafi ne ya gina musu don horo, ya tafi. Baba Gambo ya ce tela ya taɓa kama shi, ya yi sati ɗaya ya gudu. Mai ɗaukar hoto ya yi kwana uku.

Barira ta cire takalmi, ta tsaya a kan siminti, ta ji gudumomin suna tasowa ta tafin ƙafarta. Ta yi dariya. Kellu ta ciro kaye ta rubuta da manyan baƙaƙe: KUNA DA TAKARDU?

Tsohon ya buɗe wani akwati, ya fito da takardar rajista cikin leda uku, da tampo sabo fil. Ya ce, "Shekara tara muna da shi. Ba mu sami abin bugawa ba."

6. Ka ɓoye abin da ba ya ɓoyuwa

Mushe Rashid ya ce zai zo ya gani da idonsa. Kellu ta roƙi maƙera su ajiye guduma daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya. Suka ajiye, suka zauna suna shan shayi, layin ya yi tsit har maƙwabta suka leƙo ko an yi rasuwa.

Motar Mushe Rashid ta iso sha ɗaya da minti biyar.

Ya shigo ɗakin da hannu biyu a kunne, jakarsa a hammata. Ya tarar da yara talatin da huɗu a kan benci, duk sun tuɓe takalma, idonsu a kan Barira tana koya musu lissafin rabawa, ba wanda ya ko waiwaya. Ya leƙa waje ya ga shingen ƙarfe da maƙeran suka kafa cikin kwana biyu tsakanin ajin da wuta. Ya yi magana, ba a ji ba. Ya rubuta wa Kellu: Ku masu ji fa?

Ta zaro auduga daga kunnenta ta nuna masa, ta gutsura masa sabuwa daga jaka.

Wakilin hedikwata ba ya amincewa da alherin da ba a nemi komai a kansa ba, haka aka horar da shi. Da aka tsaya sallar azahar, wuri ya lafa, ya sa aka tambayi Baba Gambo me ƙungiyarsu ke so a madadi.

Tsohon ya dubi ƙofa ya tabbatar mutanensa sun tafi masallaci. Ya ce, "Mushe, shekara biyu ke nan ban ji muryar kowa sosai ba. Kai kawai nake gyaɗawa. Mai ɗakina Hajara tana magana ina kallon bango, ta ɗauka raini ne. Irina sun kai goma a layin nan, kowa yana ɓoyewa." Ya nuna Barira. "A ba mu benci ɗaya bayan la'asar. Wannan malamar ta koya mana."

Mushe Rashid ya buɗe jaka ya fito da yarjejeniya.

7. Kada ka bar maƙeri ya buga tampo

Kellu ta bar Baba Gambo ya buga. Ya ɗaga hannu har sama da kai ya sauke. Takardar ta huje, tebur ya tsage, mariƙin tampon ya yi tsalle ya faɗa cikin butar shayi. Sai da aka sake kwafi, aka ɗaure mariƙin da waya, Barira ta riƙe masa wuyan hannu, sannan tambarin ya fito sarai. Saura kwana ɗaya wata ya mutu.

Ran Asabar bayan la'asar maƙera goma sha ɗaya suka jeru a benci, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Barira ta tambaye su kalmar da suke so a fara da ita. Wani ya ce kuɗi, wani ya ce shayi. Baba Gambo ya jira aka watse, sannan ya matso ya ce a nuna masa yadda ake cewa yi haƙuri. Yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa, ya yi ta maimaitawa har magariba ta kusa.

Washegari Kellu ta tare shi a ƙofa, ta rubuta masa: Hajara ta gane?

Ya ce, "Ta gane." Ya sosa ƙeya. "Ta ce ita ma a sa mata benci. Wai akwai maganganun shekara biyu da take so in ji, ba ta son ko ɗaya ta zube."

Tsame hannu

Mai wannan shawara bai san ka ba, bai aike ka ba, in an tambaye shi zai ce bai taɓa ganin fuskarka ba. In ka bi matakan nan kunnenka ya fara ƙugi, ko aka karɓe ka a inda ya fi na maƙera ƙara, ko matarka ta koyi wani yare musamman don ta ƙarasa faɗan da kuka fara, wannan tsakaninka da ita ne. Mai ƙorafi ya same ni a layin maƙera kowace rana da ƙarfe sha ɗaya da minti biyar. Ya faɗi duk abin da ke ransa, zan gyaɗa kai.