Korau da Injinan Yankan Itace Uku

A Kurmin Ɓauna, ƙauyen da ke kwance a gindin dutse, akwai wani gida mai mutum uku: Jatau mai yankan katako, da matarsa Lantana mai man gyaɗa, da ƙanensa Korau. Korau ya yi gemu, yana da ƙarfin mutum biyu, ba ya faɗa, ba ya ƙarya. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ba a ce masa komai ba, sai ya zauna ƙarƙashin maɗaci yana bin gajimare da ido har ya ɓace a bayan dutse.

Injinan yankan itace uku ne a gidan, duk iri ɗaya, don Jatau bai yarda da wani iri ba. Na farko na marigayi mahaifinsu ne, ya tsufa, in an tayar da shi sai ya yi hayaƙi ya mutu. Na biyu Lantana ce ta saya da guminta, shi ne itacen doka ya faɗo wa ranar da ya karya wa Jatau ƙafa. Na uku ya faɗa rafi lokacin da ake ɗauko Jatau gida. Kuɗin da ke hannu gyaran ɗaya kawai zai iya, sauran biyu sai a kwance su a ciri kayan gyara. Ga kuma aiki yana jira: masu gonar itatuwan zaiti ta bayan dutse sun ce in Jatau ya miƙe kafin ruwan farko kuma yana da inji, yankan nasa ne, in ba haka ba za su kira wasu. Jatau yana son a gyara na Baba. Lantana tana son nata. Ba su yi faɗa ba, amma tuwo ya fara zuwa babu hira.

Wata rana Jatau ya ce wa Korau ya sa injin da ya faɗa rafi a rana ya bushe, kada ya bari inuwa ta taɓa shi. Korau ya ajiye shi a tsakar gida ya zauna gadi. Da inuwar katanga ta matso, ya kai shi ƙofar gida. Da inuwar ɗorawa ta biyo shi, ya kai shi fili. Can da la'asar mata masu dawowa daga rafi suka hango shi a cikin gonaki, inji a ka, yana tafiya yamma a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Ya hau dutse, ya tsaya a ƙololuwa, ya ɗaga injin sama da hannu biyu har rana ta nutse. Wajen saukowa ya zame, tankin mai ya tsage. Ya shigo gida bayan magariba, idonsa ya yi ja.

"Yaya, na yi iya ƙoƙarina. A kan dutse inuwar ta kama mu, ta ko'ina ta zo."

Jatau ya juya fuska bango.

Wata rana kuma Jatau yana kwance a tabarma, ya daɗe yana zancen injin Baba shi kaɗai, Korau yana gefe yana saurare. Daga ƙarshe ya ce masa ya kai injin wurin Bitrus makaniki a bakin kasuwa, ya faɗa masa duk abin da ya ji ya faɗa, kada ya rage komai. Korau ya tarar da shago cike da 'yan acaɓa suna jiran gyara. Ya gaishe su, ya ajiye inji, ya fara. Ya faɗi hayaƙin, ya faɗi mutuwar, ya faɗi yadda Baba kan shafa wa injin mai ran Juma'a kamar ango. Sannan da murya ɗaya ya ce Yaya ya ce a sa wa Bitrus ido, don yakan cire mai kyau ya sa maras kyau, kuma ubansa ma haka yake. 'Yan acaɓa suka juyo suna kallon Bitrus. Bitrus ya goge hannu da tsumma, ya tambaye shi ko ya gama.

"Saura inda ya yi tari," in ji Korau, ya yi tarin sau biyu.

'Yan acaɓa suka kwashe da dariya. Bitrus ya ce a mayar da injin. Ya ce ba zai ƙara buɗe kayan Jatau a shagonsa ba, in ana son aikinsa zai zo gida ya yi a gaban mai kayan, yana kallo, kada noti ɗaya ya ɓace a ce shi ne.

Wata rana Lantana ta aika a ɓoye aka kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, da niyyar ta sayar masa da injin Baba a huta. Mutumin ya iso da kurarsa daidai lokacin da aka zo kiranta gidan haihuwa a maƙwabta. Ta ce wa Korau kada ya bar shi ya tafi har ta dawo. Haihuwa ta yi tsawo. Mutumin ya jira, ya gaji, ya ce zai kewayo gobe. Korau ya hau cikin kurar ya zauna. Mutumin ya ce to ya bar kurar, zai tafi da ƙafa. Korau ya sauko ya riƙe masa gefen riga, cikin ladabi, yana nuna masa wani gajimare da ya ce ya yi kama da raƙumi mai tallan nono. Aka yi azahar tare, aka yi la'asar tare, riga na hannun Korau, ba ya saki sai lokacin salla kawai. Da Lantana ta dawo, mutumin ya ja kurarsa yana rantsuwa cewa ko kyauta aka ba shi ƙarfen gidan nan ba ya so. Jatau daga ɗaki ya ji komai. Ya tambayi matarsa wanne aka zo saya. Ta ce miyarta na ƙonewa, ta shige kicin.

Wata rana iska ta juyo daga gabas da ƙanshin ƙasa, kowa ya san ruwa ya kusa. Bitrus ya aiko cewa gobe yana tafe, a zaɓi wanda za a gyara kafin ya zo. Ba a zaɓa ba. A ranar da saƙon ya zo ne kuma za a kai Jatau wurin maɗori a kwance masa kara, Lantana za ta raka shi. Jatau yana kunyar Bitrus ya ga kayansa da dauɗa, sai ya ce wa Korau ya wanke injinan da kananzir, kada ya bar lungun da datti ya maƙale.

Korau ya wanke bayansu tas. Sai ya hangi baƙin mai a ƙarƙashin wani noti. Ya kwance notin, ya ga garin katako a bayan murfi. Ya cire murfin, ya ga wani lungun. Kowane lungu ya buɗe, sai ya tarar da wani a cikinsa, ya yi ta bi kamar mai shiga tsohon gida ɗaki bayan ɗaki. Ya manta da abinci. Duk abin da ya wanke sai ya kai tabarma ya ajiye kusa da mai kama da shi, sarƙa da sarƙa, fulogi da fulogi, don kada kowa ya zauna shi kaɗai. Da su Jatau suka dawo, babu inji ko ɗaya a gidan. Tabarmi ne shimfiɗe a tsakar gida, ƙarafa na sheƙi a kansu cikin hasken yamma. Lantana ta ɗora hannu a ka. Jatau ya jingina da sandarsa, ya zauna a kan turmi, ya ce aikin zaiti ya tafi.

Da safe Bitrus ya zo fuska ba walwala. Ya kewaya tabarmin yana ɗaga wannan, yana duba wancan a hasken rana. Ya tambaya wanne ne daga wanne. Babu wanda ya sani. Ya tsuguna ya fara tsince masu lafiya yana ture matattu gefe, yana nuna wa Jatau kowanne kafin ya ture. Fistin biyu sun ci, gangar jiki biyu na da tsaga a ciki inda ido ba ya kaiwa sai an buɗe. Ya ce da an ba shi ɗaya daga cikin ukun a rufe, ko wanne ne, da gyaran ya cinye abin hannunsu bai kai su ƙarshen gonar ba. Amma a kan tabarmin nan akwai inji guda lafiyayye, ba sai an sayi komai ba sai igiya da mai.

Kafin azahar ya haɗa shi. Ya ja igiya, injin ya ɗauka, ƙararsa ta cika gidan, tantabaru suka tashi daga kan rumbu. Jatau ya lumshe ido.

"Muryar na Baba ce," ya ce.

"Haba Maigida, wannan ƙarar ai na san ta. Nawa ne."

Ya ce ta dubi mariƙin, ta ce ya dubi murfin. Suka yi ta gardama suna nuna ƙarfe ɗaya, har dariya ta ƙwace wa Lantana, ta rufe baki da gefen mayafi. Jatau ya juya ga ƙanensa.

"Korau, kai ka kwance su. Na wane ne?"

Korau ya yi tunani sosai, yana kallon garin katako da ke yawo a cikin hasken rana.

"Ba a ce in riƙe ba, Yaya. Wanki aka ce."

Washegari da sassafe aka gan su a hanyar bayan dutse, Jatau yana ɗingishi a gaba, Korau yana biye da inji a ka, Lantana a baya da kwanon abinci, gajimare na taruwa a gabas bai riga ya yanke shawarar zubowa ba.