Gwiwar Habboba

"Lafiya lau, Habboba. Ya ƙafa?"

"Ƙafa ta warke, ragon miji. Tun safe nake zagaye gidan nan kamar budurwa."

Haisam ke nan da kakarsa Hajja Zulaiha, a tsakar gidansu na Umdurman. Da la'asar zai haye Khartoum gasa. Kowa zai matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, wanda tasa ta fi sauri ba ta ƙone ba, wani mai shago ya ɗauke shi aiki. Haisam, bawan Allah, ya gaji da zaman banza. Ya tanadi fanka, ya tanadi ƙanƙara, sai ɗan man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar don ta huce ya yi ɓatan dabo. Ga shi Juma'a ce, mai sayarwa ya rufe. Tsohuwa na gyara zane za ta zauna, ya hangi gwiwarta ta dama toka-toka.

"Habboba, me kika shafa?"

"Maganin da ka ɓoye min. Jiya da bakinka ka ce yana janye zafi."

"Zafin inji na ce, ba zafin tsufa ba."

"Zafi ai zafi ne. Kana da magani a ɗaki, matarka na kwana da ciwo, ka je kana shafa wa ƙarfe. Marowaci."

"Wa ya aure ki? Injin da aka ƙera tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa?"

"Wannan injin ya tako daga Katsina har nan, babu fanka babu ƙanƙara. Naka fa? Ko tashi bai yi ba, sai fifita ake masa kamar mai jego."

"Nawa yana lissafi biliyoyi kafin ki ƙifta ido."

"To ya lissafo maka aiki mana."

Nan ta same shi. Ya zauna a bakin gado, murya ta yi ƙasa.

"Aikin ke nan, Habboba. In babu man, ina ƙara masa gudu zai mutu. Wani zai ɗauka."

Ta dube shi. Tsohuwar nan bakinta ne kawai da kaifi, ba ta iya ganin jikanta a haka. Ta kwance bakin zane ta fito da ɗan bututun, saura rabi.

"Na gwiwar hagu ne. Na ce ta jira sai bayan azahar."

"Kin tsara musu layi ke nan?"

"Halas, magana ta ƙare, ungo. Ka shafa wa kasasshen naka."

Ya karɓa da hannu biyu yana dariya. "Hagun fa, amarya?"

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe da ƙyar.

"Na yarda in yi ɗingishi da ƙafa ɗaya, in dai gobe da safe zan ga ƙeyarka ta fita aiki."