Kunnen Dokin Hambali

"Lale da angona! An dawo daga yaƙin katako?"

'Yardada ce take yi wa jikanta Hambali maraba a tsakar gidanta da ke unguwar Madabo, tana tsince shinkafa. Daga gasar ces yake, darar nan ta Turawa, inda ya shafe awa biyar a gaban Mikail, gwanin da 'yan wasa ke shakka. Mahaifinsa kuwa ya riga ya yanke hukunci: in aka cinye shi yau, ya naɗe allon ya koma shago. Wannan damar ma tsohuwar ce ta roƙar masa.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, kunnen doki muka yi."

"Kunne? Na yi asarar miji! Mazan ƙwarai su kawo doki sukutum, kai ka kawo min kunne? Miya zan yi da shi?"

"Da wane haƙorin za ki ci? Canjaras nake nufi. Shi ya rage da sarki da doki, ni sarki tilo. Doki ɗaya kuwa ba ya kama sarki."

"Au, dokin ma nasa ne? Ashe sarkin naka zagaye ya yi ta yi kamar ɓarawon kaza! Dama na faɗa, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Ai yau kazar ta tauna shi."

"Ta dai lasa."

 Hambali ya zauna a bakin tabarma, ya ce, "Kaka, Baba zai ce wanda bai ci ba, an cinye shi."

Ta ture farantin. "Me ubanka ya ce? In aka cinye ka. An cinye ka?"

"A'a."

"To magana zarar bunu ce. Ɗauko min mayafina, mu je wurinsa."

Daɗi ya lulluɓe shi har ƙwalla ta cika masa ido. Ya durƙusa ya gyara mata takalmi. "Allah ya bar min ke, Kaka. Maganar haƙori na janye. Amma fa Baba ba ya sauya magana."

"Kai dai wuce gaba. Shekara hamsin muna bugawa da ubanka, ko canjaras bai taɓa samu ba."

Hambali ya fashe da dariya. "Na sallama, ranki ya daɗe."