Rasuwar Daroga Mai Jan Layi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mokbul Talukdar, shugaban marubuta manhaja a ofishinmu na unguwar Banani, ke sanar da rasuwar Daroga, wato Sufeton 'Yan Sanda, ɗan manhajar nan da ya ƙera da hannunsa shekara goma sha huɗu da suka wuce, ya dasa a kwamfutar kowa don farautar kuskure.

Marigayin bai san sassauci ba. Ka rubuta harafi uku, ya ƙarasa maka kalma, ko ba ita kake nufi ba. Ka manta waƙafi ɗaya, ya zabga maka jan layi, ya yi "ƙiiit!" har na bakin ƙofa su ɗago kai. Nan Mokbul zai taso da kofin shayinsa ya tsaya maka a ka: "Ƙanina, wace makaranta ce ta cuci ubanka?" Mutum bakwai suka bar aiki. Ragwaye ne, in ji shi.

Shekara shida ke nan da marigayin ya yi sanyi. Ba jan layi, ba ƙara, kullum kore shar. Mokbul ya ɗauka tarbiyyarsa ce ta kama. Har gaban manya ya bugi ƙirji, wai ya kori kuskure daga ofishin nan, aka ƙara masa girma.

Ranar Talata baƙin da muke wa aiki suka ce a nuna musu abin al'ajabin. Mokbul ya yi kuskure da gangan, ya harɗe hannu yana jiran ƙara. Shiru. Ya sake, shiru. Da aka buɗe cikin mamacin, sai ga layi ɗaya da Dilruba, wadda Mokbul ya taɓa sa kuka gaban kowa, ta cusa tun wancan lokaci: duk abin da ka gani, ka ce lafiya. Ashe gawa bawan Allah yake ta gadi! Kowa ya sani, ban da shi.

"Yaya Mokbul, yi haƙuri," in ji Dilruba. "Mun ga kana jin daɗi ne."

Marigayin ya bar dokoki ɗari huɗu da ba mai karantawa, da uba ɗaya mai shekara hamsin da biyu wanda bai iya komai ba sai renonsa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar. Manya sun ce uban ne zai goge shi da hannunsa, Dilruba ta duba ko ya yi daidai. Masu ta'aziyya su sami Mokbul a bakin get, inda zai miƙa katinsa na aiki, tunda an sallame shi. A hanzarta, ba zai jima ba.