Nomau da Filastar Inna Tabawa

A Kwarin Ɗinya, tun kafin kwalta ta ratsa garin a sare kukar bakin kasuwa, an yi wani Nomau. Ƙato ne, gemu ya fito, amma abin da aka gaya masa shi ke nan, ba ya ƙari ba ya ragi. Daga shi sai tsohuwarsa Inna Tabawa a gidan, kuma ba shi da kowa duniya bayanta. Da zuciyarta ta soma tsalle, Malama Ladidi ta asibitin birni ta zo ta manna mata wata filasta a ƙirji, siririya kamar ɓawon albasa, mai talewa tana bin fata. Ta ce filastar na sauraron bugun zuciya tana aika wa likita a wayarsa, duk abin da ke gudana yana ji.

Wata rana matan unguwa suka shigo hira, suka tarar da Nomau durƙushe gaban ƙirjin uwarsa yana tambayar likita ya iyali, ya gajiya. Da suka ɗauko zancen surukar wance, ya miƙe ya ce a ji kunya, akwai baƙo. Tuwo ma sai da ya sa aka riƙa zuba na likita daban. In ya huce ba a ci ba, ya ce baƙon nan kawaici gare shi, ya cinye masa. Mata suka ɗauke ƙafa, Inna ta rasa abokan gulma, ta ce ciwon ya fi mata sauƙi da wannan zaman makoki.

Wata rana ƙaiƙayi ya ishe ta, ta ɓamɓare filastar ta ajiye kan randa. Nomau ya tuna an ce kada ta rabu da fata, sai ya manna a ƙirjinsa ya tafi kasuwa. Can Hansai mai fura ta yi masa murmushi, har ta ƙara masa nono. Kafin la'asar ga Malama Ladidi a kan babur, hankali tashe, wai zuciyar tsohuwa na gudu kamar doki. Ta sami Inna na ɓarar gyaɗa. Da aka bi sawu aka gano ƙirjin da ke wannan sukuwa, gari ya ɗauka. Har yau tsofaffinmu in sun ga saurayi ya rikice gaban budurwa, sai su ce a kira babur. Malamar ta maida filastar, ta ja masa kunne: fatar Inna kaɗai, ko sama za ta faɗo.

Wata rana da damina iska ta kayar da ƙarfen sabis, wayoyi suka yi shiru. Nomau ya je wurin Jatau mai cajin waya, wanda ƙasar nan ba a taɓa yin gwanin tsokana irinsa ba, ya tambaya ko saƙon Inna na isa. Jatau ya haɗe fuska ya ce ina, saƙo ya taru jingim a ciki.

"Sai dai ka kai musu da ƙafarka," in ji shi, yana ƙifta wa 'yan shayi ido.

Nomau ya yi tunani. Saƙo na cikin filasta, filasta ba ta barin fatar Inna. Ya koma gida ya sunkuci tsohuwa daga gaban murhu ya goya, ya kama hanyar birni cikin taɓo. Tana dukan ƙeyarsa da muciya, tana cewa lafiyarta ƙalau, ya sauke ta don Allah kada miya ta ƙone. 'Yan shayi har da faɗuwa daga benci. Rafi ya kawo, ya ratsa shi ruwa iya ƙugu, sannan mai a-kori-kura ya tausaya ya kwashe su.

Suna shiga inda sabis yake, saƙonnin suka zube wa likita gaba ɗaya. Bai tsaya sa takalmi daidai ba ya tarye su a bakin ƙofar asibiti, domin tun ranar iskar zuciyar ke tsayawa tana tashi, mai ita ba ta sani ba. Aka wuce da Inna ciki, muciyar na hannunta. Daga baya likita ya ce da an ƙara kwana, da sai dai gaisuwa.

Ya dafa Nomau ya ce saƙo ya iso, ya je gida ya huta. Nomau ya shimfiɗa rigarsa a bakin ɗakin ya zauna.

"Ranka ya daɗe, a garinmu in an kai abinci, ana jira a maido kwano."

Nan ya zauna har aka maido masa Inna, da ƙafarta, tana faɗan miyarta.