Rasuwar Tsirkiya ta Uku ta Jitar Barau Soja

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Barau Soja na Wagini yake sanar da jama'ar Batsari da Safana rasuwar tsirkiya ta uku ta jitarsa, wadda ta tsinke ranar Juma'a da hantsi, a wurin sunan ɗiyar Mamman mahauci.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan daga ƙasar Bama, can ƙetaren teku, bayan yaƙin duniya, a jikin jitar da wani soja mutumin ƙasar Gwalkwas ya bar wa Barau kafin zazzaɓi ya ɗauke shi. Shi ya koya masa yadda ake danne ta da yatsa, a tura ta sama sannu a hankali har muryarta ta tashi, wiiiyo, kamar mace ta hango gawa, sannan a sassauta ta sauko tana shessheƙa. Shekara huɗu ana lanƙwasa ta haka, ba ta taɓa gardama ba. Barau bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani a dajin Bama ba, ko matarsa Hansai. Ita tsirkiyar ke faɗi, mahauta su ajiye wuƙa su yi tsit.

Tsatsa ta kama ta tun daminar bara. An yi mata jinya da man shanu, an hutar da ita wata biyu. Ran nan jama'a suka matsa, ya tura ta, ya ƙara turawa. Kalmarta ta ƙarshe: tas!

Ta bar 'yan'uwa biyar da ba su iya kuka ba, da kantar kiɗa a yatsun maigidanta. An gwada izgar doki, an gwada jijiyar saniya, duk sun ƙi. Barau ya taka har kantunan Katsina neman wata, aka ce sai Ikko. Yau kwana tara Hansai na mayar da tuwo yadda ta kawo shi. Don girman Allah, duk mai shiga jirgin ƙasa zuwa kudu ya biyo ta Wagini a ba shi sautun tsirkiya. Barau zai ba da bargonsa na soja da lambobin yaƙinsa duka.

Za a sa ta a ƙyallen alawayyo, a rufe ta gindin tsamiyar ƙofar gida gobe bayan la'asar. Zaman makoki kwana uku. Ana roƙon masu garaya da masu goge su zo hannu sake, mai makoki ba zai iya ganin tsirkiyar wani da rai ba.